Ƙaurar Kamfanoni Don Gudun Haraji

 

A makon jiya wani ma'aikacin gwamnati ya tare ni da tambaya bayan an sauko daga Juma'a. Ya ce shi kam ba ya ko ganin harajinsa, tun albashi bai shigo hannunsa ba an riga an cire. To, ga shi yana jin labarin manyan kamfanonin duniya masu ɗauke hedkwatarsu zuwa wata ƙasa ko wani tsibiri don kada su biya haraji, kuma wai doka ba ta kama su. Shin abin da doka ta ƙyale ya halatta ke nan? Na ce masa ya jira ni a wannan fili, domin amsar ta fi ƙarfin tsayuwar ƙofar masallaci.

Malamai sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san sifarsa, saboda haka bari mu fara da sifar. Babban kamfani a Amurka sai ya nemi wani ƙaramin kamfani a ƙasar da haraji ke da sauƙi, ya saye shi ko ya haɗe da shi. Sa'an nan a rubuta a takarda cewa ƙaramin shi ne uba, babban kuwa ya koma ɗa. Masana'antu suna nan inda suke, ma'aikata ba su gusa ba, shugabanni suna zaune a ofisoshinsu na dā. Daga nan sai sabon uban ya ranta wa ɗansa kuɗi da ruwa, ko ya riƙa karɓar kuɗin haya a kan sunan kamfanin da fasaharsa. Duk abin da aka biya ta wannan hanya sai a cire shi daga riba a matsayin kuɗin da aka kashe. Da haka riba take tsiyayewa zuwa inda ba a karɓar kome, ko ake karɓar kaɗan, alhali kuwa kuɗin daga aljihun dama ya koma na hagu.

Kamfanin McDermott, mai gina kayan haƙo mai a teku, shi aka fi ambata da buɗe wannan ƙofa, da ya mayar da kansa ɗan ƙasar Panama a farkon shekarun 1980. Tyco ya bi sawu zuwa tsibirin Bamuda a 1997. A 2015 Medtronic, mai yin kayan asibiti, ya sayi Covidien ya koma ɗan ƙasar Ailan, amma ya ci gaba da tafiyar da harkokinsa daga jihar Minnesota. Dalilin a fili yake: a lokacin harajin ribar kamfani a Amurka kashi 35 ne cikin ɗari, a Ailan kuwa 12 da rabi. A ƙarshen shekarar nan ta 2015 Pfizer ya shirya irin wannan haɗuwa da Allergan a kan kimanin dala miliyan dubu 160, sai da baitulmalin Amurka ya tsananta ƙa'idodi a Afrilun 2016 kana aka fasa. A tsibiran Kaiman kuma akwai wani bene mai hawa biyar da ake kira Ugland House, wanda masu binciken gwamnatin Amurka suka tarar a 2008 kamfanoni 18,857 ne suka rubuta shi a matsayin mazauninsu. Mai hankali ya san ko tsayuwa ba za ta ishi wakilansu a ciki ba.

To, mene ne hukunci? Wannan dabara ba sabuwa ba ce ga shari'armu, a babin zakka aka fara saninta. A cikin takardar da Sayyidina Abubakar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya rubuta wa Anas ɗan Malik game da zakkar dabbobi, akwai hani ga haɗa garken da yake a rabe ko raba wanda yake a haɗe don gudun zakka. Imam Malik ya fayyace ma'anarsa a Muwaɗɗa da lissafi. Mutum uku ne, kowannensu yana da tumaki 40, watau kowa zai fitar da guda ɗaya, jimla uku. Da suka ji mai karɓar zakka na tafe sai suka haɗa garken ya zama 120, wanda guda ɗaya tak ake fitarwa a cikinsa. Ko kuwa abokan tarayya biyu ne, kowa yana da 101, jimla 202, abin fitarwa uku. Sai suka raba garken don kowa ya ba da ɗaya. A duka misalan biyu babu tunkiyar da ta ƙaru, babu wadda ta ragu. Lissafin kaɗai aka karkatar, kuma shari'a ta hana. Har wa yau a mazhabar Malikiyya wanda ya musanya dabbobinsa dab da cikar shekara don ya tsere wa zakka, ana karɓarta daga gare shi kamar bai yi kome ba. Imam Buhari ma ya keɓe babi guda a Sahihinsa game da irin waɗannan hiloli, ya kuma buɗe shi da hadisin niyya. Akwai malaman da suka ce a zahirin hukunci zakkar ta faɗi, amma ko a cikinsu an sami waɗanda suka ƙi aikin.

Lalle haraji ba zakka ba ne, kuma masu waɗannan kamfanoni galibinsu ba Musulmi ba ne. Amma ma'aunin guda ne, domin fiƙihu yana da ƙa'ida cewa wanda ya ci moriyar abu shi ne mai ɗaukar nauyinsa. Makiyayin dā da ya ƙetare iyaka don gudun jangali, da shanunsa yake tafiya, ya bar ciyawar da mashayar ga wasu. Kamfanin kuwa ya bar shanunsa suna kiwo a nan, ya tafi da sunansa kaɗai. Yana bin hanyoyin ƙasar, kotunanta suna tsare masa haƙƙinsa, makarantunta suna ilmantar masa da ma'aikata, amma ranar biya sai ya ce shi baƙo ne. Kuɗin da ya ƙi bayarwa kuwa ba ya ɓacewa daga kasafin gwamnati. Ko a ɗora shi a kan wanda ba shi da tsibirin gudu, irin mai albashi da ɗan kasuwar da rumfarsa ke a idon kowa, ko kuma a rage daga magani da karatu.

Mu ma wannan cuta ta shafe mu. Kwamitin da tsohon shugaban Afirka ta Kudu Thabo Mbeki ya jagoranta ya bayyana a 2015 cewa Afirka tana asarar fiye da dala miliyan dubu 50 kowace shekara ta ɓarauniyar hanya, kuma mafi yawansu ta harkokin manyan kamfanoni suke fita. A 2021 ƙasashe 136 suka amince kada harajin manyan kamfanoni ya gaza kashi 15 cikin ɗari ko'ina suke. Nijeriya ba ta sa hannu ba a lokacin, don tana ganin rabon bai yi wa ƙasashe masu tasowa adalci ba. A Janairun 2025 kuma gwamnatin Amurka ta ce yarjejeniyar ba ta hau kanta ba.

Amma fa adalci ya wajabta a faɗa wa hukuma tata gaskiyar. Malamai irin su Gazali da Shaɗibi sun halatta wa shugaba ya aza wa mawadata wani abu bayan zakka ne da sharaɗin buƙata ta gaskiya, da adalci wajen azawa, da kashewa a kan maslahar jama'a. Sa'ad da Sarkin Masar Ƙuɗuz ya nemi karɓar kuɗi daga talakawa don yaƙar Tatar, gabanin yaƙin Ainu Jalut na 1260, Shaihu Izzuddin ɗan Abdussalam ya ce masa ba ya halatta sai baitulmali ya ƙare, sarakunan yaƙi kuma sun sayar da kayan adonsu na zinariya. Hukumar da ke karɓa ta yi almubazzaranci ita ce ke koya wa mutane gudu. Sai dai maganin haraji mai nauyi shi ne a nemi gyaransa a fili ga kowa da kowa. Idan mai ƙarfi ya sulale shi kaɗai, kayan a kan mai rauni suke komawa.

Saboda haka amsata ga mai tambaya ita ce: abin da doka ta kasa kamawa bai zama mai tsarki ba don ta kasa. Neman sauƙin da doka ta tanada da gangan, kamar rangwamen da ake yi wa sabuwar masana'anta, ba laifi ba ne. Wanda kuma ya ƙaura da gaske, da dukiyarsa da aikinsa, ƙasar Allah mai faɗi ce. Abin zargi shi ne ƙaurar da babu ita sai a takarda.

Kafin mu nuna wa Pfizer yatsa, mu duba namu. Ɗan kasuwar da ke ajiye littafin lissafi biyu, ɗaya nasa ɗaya na hukuma, da wanda ke kyautar da dukiyarsa ga iyalinsa kafin shekara ta cika ya karɓe bayan ta wuce, duk hanya ɗaya suka bi, girman garken ne ya bambanta. Ma'aikacin haraji kuma da ke matsa wa mai teburi ya kau da kai ga mai bene, ya sani amana aka danƙa masa, kuma za a tambaye shi.

Allah Ya tsarkake mana dukiyoyinmu, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.