WA YA ƊAURE HANNUN ALƘALI?

Ya ku jama'ar Kucheri, manoma da makiyaya!

Ku tambayi dattawanku. Da can in an yi rikicin iyakar gona, gaban alƙali ake zuwa. Ka faɗi naka da bakinka, a kira shaidu, a yi rantsuwa, kowa ya koma gida. To, wa ya lalata wannan?

Turawan Ingila ne. A 1903 suka ci Sakkwato, suka ce sun bar mana alƙalanmu, amma suka ɗora kotunansu a bisa. A 1947 kotun Turawa ta soke hukuncin kisa da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsoho Gubba. A 1960, ana gab da samun mulkin kai, aka kawo dokar Final Kot, wadda aka kwaikwayo daga dokokin da Turawa suka yi wa Indiya da Sudan. A 1978 wakilanmu suka nemi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Tarayya, aka hana, har suka fice daga majalisa a Legas.

Gaskiya ne, ran 27 ga Oktoba 1999 an ƙaddamar da Shari'a a Gusau, muka yi murna. Amma sashe na 277 na tsarin mulki yana nan daram. Ya tsayar da ikon Kotun Alƙalin Alƙalai kan aure, gado, wasiyya, kyauta, waƙafi da riƙon yara. Rikicin mallakar gona fa? In aka ɗaukaka ƙara, sai Babbar Kotu. Can da Turanci ake magana. Sai ka sayar da buhun gero ka biya lauya, ka biya mota zuwa Gusau, a ce maka an ɗage. Damina ta wuce, gona tana kwance. Wanda ya gaji da jira kuma ya ɗauki doka a hannunsa, kun dai ga abin da hakan ya jawo wa ƙasar Tsafe.

Ba mu ce a tilasta wa wanda ba Musulmi ba. Cewa muka yi Musulmi biyu in sun yi jayayya, alƙali ya raba su tun daga farko har ƙarshe.

Gyaran sashen nan sai da kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya, da yardar majalisun jihohi 24. Saboda haka kada ku tura ɗan amshin Shata Abuja. Kowane ɗan takara ya zo da sabulu da atamfa, ku tambaye shi: "Me za ka yi da sashe na 277?" Namu sun ɗauki alkawari a bainar jama'a.

Ranar zaɓe ku fito, maza da mata, ku dangwala wa jam'iyyarmu. Allah ya ba mu nasara, amin!