Jidda na cike da masana'antun abinci, amma me ɗalibin jami'a ke iya ci?

A kudancin birnin Jidda na ƙasar Saudiyya akwai unguwar da ake kira Madinar Masana'antu, wadda aka kafa a farkon shekarun 1970. Daga nan ne, da kuma sabbin yankunan masana'antu biyu da aka ƙara daga baya, manyan motoci ke fita dare da rana ɗauke da man girki da lemon kwalba da biskit da naman kaji zuwa kantunan ƙasar. A watan Nuwamban 2024 hukumomi suka ƙaddamar da wata cibiyar masana'antun abinci a birnin mai faɗin murabba'in mita miliyan 11, wadda kundin Guinness ya ayyana a matsayin mafi girma a irinta a duniya.

Ba da nisa sosai ba daga nan akwai Jami'ar Sarki Abdul'aziz, wadda aka kafa a 1967, kuma take ɗauke da dubban ɗalibai, ciki har da 'yan Afirka ta Yamma da ke karatu bisa tallafin gwamnatin Saudiyya. Abinci ba ya yankewa a Jidda. Matsalar ɗalibi ita ce wane irin abinci ne kuɗinsa da lokacinsa za su iya kai shi gare shi, da kuma abin da wannan abincin zai yi wa jikinsa nan da shekara ashirin.

Lissafin alawus

Ɗalibin jami'ar gwamnati a Saudiyya na karɓar alawus duk wata: kimanin riyal 990 ga masu karatun kimiyya, da riyal 840 ga masu karatun adabi da zamantakewa. Tun da dala ɗaya na daidai da riyal 3.75, mafi girman alawus ɗin bai wuce dala 264 ba. Idan aka raba shi kwana talatin, ɗalibi na da riyal 28 zuwa 33 a yini, kuma a ciki ne zai fitar da kuɗin mota da na waya da na littattafai.

Wannan adadi ya daɗe bai sauya ba, alhali kasuwa ta sauya. A watan Janairun 2018 Saudiyya ta fara karɓar harajin kayan saye na kashi 5 cikin ɗari, sannan a Yulin 2020 ta ninka shi uku zuwa kashi 15. Ba a ware kayan abinci daga harajin ba. Ke nan a duk riyal 115 da ɗalibi ya kashe a kanti, riyal 15 na haraji ne, ko wake ya saya ko soyayyen dankali.

Ga kuma tsarin kasuwar kanta. Ƙasar na shigo da mafi yawan abincin da take ci daga waje, kuma tashar jiragen ruwa ta Jidda ce babbar ƙofarsa. Abin da ya fi jure tafiya da ajiya, wato fulawa da sukari da mai da daskararren nama, shi ne masana'anta ke iya sarrafawa da yawa ta sayar da araha. Ganye da 'ya'yan itace kuwa na buƙatar sanyi da gaggawa, don haka farashinsu ke hawa da sauka. A birnin da gidan soyayyar kaza na Albaik ya samo asali a 1974, kuma manhajojin kai abinci ke kawo shi har bakin ƙofa, ɗalibin da ya fito daga lacca a gajiye ya san abin da ya fi sauƙin samu.

Matakan gwamnati

Hukumomin Saudiyya sun daɗe da ganin hatsarin. Ƙididdigar Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta nuna cewa sama da mutum ɗaya cikin kowane shida na manyan ƙasar na ɗauke da cutar. A watan Yunin 2017 aka ɗora harajin kashi 50 cikin ɗari kan lemon kwalba mai iska, da kashi 100 kan abin sha mai ƙara kuzari, wanda ɗalibai ke sha lokacin jarrabawa. A Disamban 2019 aka faɗaɗa harajin zuwa sauran abubuwan sha masu sukari. Tun Janairun 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta tilasta wa gidajen abinci rubuta yawan kalori a gaban kowane abinci, kuma a 2020 ta haramta amfani da sarrafaffen man da ke daskarewa a masana'antun abinci, saboda illarsa ga zuciya.

Waɗannan matakai na da amfani, sai dai dukkansu ko dai suna tsadar da abu mai illa ne, ko suna gargaɗi a kansa. Babu wanda ya sauko da farashin abu mai amfani. Ɗalibin da ke da riyal goma sha biyar a aljihu zai iya karanta adadin kalori ya fahimta sarai, amma yunwa da agogo ne ke yanke masa shawara. Mafi tasirin tallafi shi ne wanda ba a cika maganarsa ba: ɗakunan cin abinci na jami'o'i, inda ake sayar wa ɗalibai abinci da rangwame. Ingancin abin da ake dafawa a can ya fi kowace takardar gargaɗi tasiri ga lafiyarsu.

Araha da lafiya a kwano ɗaya

Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada babba ya ci gishirin da ya kai giram 5 a yini, ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace, kuma kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da yake samu daga abinci, wato kimanin giram 50. Gwangwani ɗaya na lemon kola na ɗauke da kusan giram 35.

Abin lura shi ne, abincin gargajiya na talakan Hijaz ya fi kusa da wannan ma'auni fiye da na zamani. Karin kumallo da ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis, na cikin mafi arha a Jidda, kuma yana riƙe ciki har azahar. Haka adas da ƙwai da nono marar sukari da dabino. Ɗalibin da ya tashi a Kano ko Maraɗi ba baƙo ba ne ga wannan tsari, domin wake da shinkafa da fura da nono da kwaɗon zogale duk a kansa suke. Alaƙar ma tsohuwa ce: zuriyar mahajjatan ƙasar Hausa da suka zauna a Makka da Jidda, waɗanda da yawansu ke amsa sunan Hausawi, su ne suka kai tsire can, kuma har yau ana sayar da shi da suna mai kama da na asali.

Akwai kuma asara. Wani bincike na hukumomin ƙasar da aka fitar a 2019 ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin Saudiyya na salwanta ko a zubar, kimanin kilo 184 ga kowane mutum a shekara. Ɗalibai uku ko huɗu da suka haɗa kuɗi suka sayi buhun shinkafa da wake, suka dafa tare, sun rage tsada da zubarwa lokaci guda, muddin masaukinsu na da wurin girki da firji.

Darasi ga gida

A Najeriya batun abincin ɗalibi ya taɓa girgiza gwamnati. A watan Afrilun 1978, ƙarin kobo 50 kan kuɗin abincin yini a jami'o'i ya haddasa zanga-zangar neman a tsige kwamishinan ilimi na tarayya, Ahmadu Ali, inda aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. Daga baya aka janye tallafin abincin jami'o'i baki ɗaya. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a ƙasar ta haura kashi 40 cikin ɗari, yayin da asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ke ba da naira 20,000 a wata na kuɗin kashewa. Najeriya ma ta ɗora harajin naira 10 kan kowace lita ta abin sha mai sukari, amma a can ɗalibai da yawa na fama ne da tsallake cin abinci sau ɗaya ko biyu a yini.

Halin Jidda da na Zariya sun bambanta, ɗaya yalwa ce marar inganci, ɗaya ƙaranci. Amma a duka biyun, abin da ɗalibi ke ci ya dogara ne kan abubuwa uku da ke hannun hukumomi: girman alawus idan aka kwatanta da farashin kasuwa, harajin da ke kan kayan masarufi, da kuma ko jami'a na dafa abinci mai kyau da rangwame. Cibiyar masana'antun Jidda za ta ƙara yawan abin da ake sarrafawa. Ko za ta sa kwanon wake da ganye ya fi na soyayyar kaza araha a bakin ƙofar jami'a, wannan ne ma'aunin da iyayen ɗalibai da likitoci za su duba.