Daga Dandalin Biki Zuwa Coachella: Abin da Jitar Mdou Moctar Ke Faɗa wa Hausawan Dindir



A watan Afrilun 2024 wasu makaɗa huɗu suka hau dandamali a Coachella, ɗaya daga cikin manyan bukukuwan kiɗa na Amurka. Uku daga cikinsu 'yan Nijar ne, cikin rawani da doguwar riga, jagoransu kuma Mdou Moctar, bahagon makaɗin jita da ke rera waƙa da Buzanci. Ba a cika wata uku da wannan ba yaƙi ya iso Dindir, a farkon Yuli, muka fita da abin da hannu ya iya ɗauka. Shi ya sa yawancinmu ba mu ga bidiyon wasan ba sai daga baya, a wayoyin 'ya'yanmu. Mai gaggawa zai ce babu abin da ya haɗa mu da wannan labari. Mu kuwa muna ganin ya shafe mu ƙwarai, domin hanyar da ta kai waɗannan mutane Amurka daga dandalin biki ta faro, ta kuma ratsa ta Sakkwato, birnin da kakannin da yawa daga cikinmu suka baro.

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, ya taso a yankin Abalak da Cintabaraden na jihar Tawa. Gidansu gidan addini ne da ba ya maraba da kiɗa, don haka babu mai saya masa jita. Da ya ga wasan Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin iyayen kiɗan jita na Buzayen Nijar, sai ya sassaƙa katako, ya ɗaura masa wayar birkin keke a matsayin tsirkiya, ya koya wa kansa. Daga nan sai bukukuwan aure: kiɗa a fili, ƙura na tashi, janareto na ƙugi, lasifika na kukan wahala.

A shekarar 2008 ya shiga Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar. A sitidiyon Hausawa aka yi aikin, aka gyara muryarsa da na'ura irin yadda ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa na wancan zamani. Babu kamfanin da ya fitar da kundin a lokacin. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka yi ta tafiya, ta bulutut da katin memori, a tashoshin mota da rumfunan shayi, har suka ƙetara zuwa Mali. A can wani Ba'amurke mai tattara kiɗan Sahel, Christopher Kirkley, ya ji waƙar Tahoultine, ya sa ta a wani kundi na waƙoƙin wayoyin Sahara da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011. Sai da ya yi cigiya kafin ya gano mai muryar.

Abin da ya biyo baya hawa ne na tsani, mataki bayan mataki. A 2013 aka fitar da Afelan, wanda aka naɗa a Cintabaraden. A 2015 ya fito a wani fim na Buzanci da aka ɗauka a Agadas. A 2019 cikakkiyar ƙungiyar ta fitar da Ilana, inda Ahmoudou Madassane ke riƙe da jita ta biyu, Aboubacar Mazawadje ke kan ganguna, Ba'amurke Mikey Coltun kuma ke kaɗa jita mai babbar murya. Daga nan kamfanin Matador na birnin New York ya ɗauke su, ya fitar da Afrique Victime a 2021, da Funeral for Justice a 2024. Daga Sakkwato zuwa Coachella shekara goma sha shida ke nan. Sannu ba ta hana zuwa.

Abu biyu muke so mai karatu ya riƙe daga wannan tafiya. Na farko, dandalin biki makaranta ce. Makaɗin biki ba shi da inda zai ɓuya: idan kiɗansa ya yi sanyi mata za su zauna, samari su watse, gobe kuma ba za a kira shi ba. Dole ya iya karanta fuskar taro, ya san lokacin da zai hanzarta da lokacin da zai sassauta, ya jure sa'o'i a tsaye. Saurin gangar da ke birge Turawa a wasan wannan ƙungiya saurin bikin Agadas ne. Haka labarin yake ga Tal National ta Yamai, wadda ke waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci: ta yi shekaru tana wasa dare bayan dare a gida kafin wani kamfanin Ingila ya fitar da kundinta Kaani a 2013.

Na biyu, harshen bai faɗi a hanya ba. Mdou Moctar ya ari jitar lantarki, ya ari salon rok, ya ari na'urar sitidiyon Sakkwato, amma baitocin sun tsaya da Buzanci, sai ɗan Faransanci jefi-jefi. A kundinsa na 2024 akwai waƙa mai suna Imouhar da ke kiran Buzaye su riƙe harshensu kada ya salwanta. Mutumin da ke tsaye gaban dubban Amurkawa, harshen uwarsa ne abin da ke damunsa.

Mu ma muna da tauraruwar da ta tashi daga gidan biki ta kai ƙololuwa. A'isha Musa Ahmad, wadda Sudan ta sani da A'isha al-Fallatiya, a Kasala aka haife ta, mahaifinta malami ne mai asali daga ƙasar Sakkwato. Tun tana yarinya ta fara waƙa a bukukuwan Umdurman, mahaifinta bai so ba. Duk da haka ta je Alƙahira ta naɗi fayafayai, ta yi wa sojojin Sudan waƙa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a 1942 kuma ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a Rediyon Umdurman. Ta rasu a 1974, har yau kuma ana jin muryarta. Muna alfahari da ita, kuma ya cancanta. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya: waƙoƙin da ƙasa ta san ta da su na Larabci ne. Ƙofar da ta shiga ƙunƙuntacciya ce, ta ɗauki muryarta da laƙabinta, harshen gida ya tsaya a waje. Ba laifinta ba ne, zamaninta ke nan. Tambayar ita ce me ya sa, shekara tamanin da ɗoriya bayan haka, yaronmu mai murya har yanzu yake jin cewa sai ya ajiye Hausa a bakin ƙofa kafin a saurare shi.

Tun bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Maiwurno ya jagoranci sauran masu hijira zuwa gabas har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu, jama'armu ke noma wannan ƙasa. Mun tsinki audugar Jazira, mun yanki riɗi da dawa daga Dindir zuwa Gadarif, mun kama kifi a kogunanta. Amma a watan Yulin 2022, da rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu, mun ji da kunnenmu ana tambaya ko mu 'yan ƙasa ne. Ba mu ce waƙa za ta hana zubar da jini ba. Muna cewa al'ummar da ba a taɓa jin muryarta a rediyo da dandamalin ƙasa ba, kiranta baƙuwa yana da sauƙi. Wata guda kafin wannan rikici, wani ɗan ƙabilar Beja daga Bur Sudan mai suna Noori, tare da ƙungiyarsa Dorpa, ya fitar da kundin Beja Power, da wani abin kiɗa da ya ƙera da hannunsa ta hanyar haɗa jita da tambur. Duniya ta saurara, ta kuma san cewa a gabashin Sudan akwai mutane masu suna Beja. Ina namu?

Idan muka dubi bukukuwanmu na yau za mu ga amsar. An ɗauko lasifika haya, an sa katin memori, waƙoƙin Kano da na Khartum suna ta juyawa har dare ya raba. Mai kalangu da mai garaya, in ma an kira su, suna gefe suna jiran abin da za a liƙa musu. Tsofaffin matan da suka san waƙoƙin daka da na reno da na rakiyar amarya suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, yaƙin nan kuma ya warwatsa saura, ya tafi da wayoyin da aka taɓa naɗar muryoyinsu a ciki. Ba ma ƙin waƙoƙin Kano, namu ne. Larabci kuwa harshen addininmu ne da na ƙasarmu, ba mu da abin faɗa a kansa sai alheri. Amma babu mawaƙin Kano da zai yi waƙar cikar kogin Dindir da damina da ƙafewarsa da rani, ko ta daren da muka bar gidajenmu a buɗe. Idan ba mu yi ba, babu mai yi mana.

Mun san abin da za a ce, kuma masu faɗa ba wawaye ba ne.

Za a ce kiɗa ba sana'ar ɗan mutunci ba ce, malamai ma sun yi magana. Wannan shafi ba zauren fatawa ba ne, kowa ya bi malamin da ya amince da shi. Batsa da shaye-shaye da tozarta lokacin salla abin ƙi ne a ko'ina, kuma dattawan unguwa suna da ikon hana su a dandali. Abin da muke tsokaci a kai shi ne baki biyun da muke yi: muna rawa da kiɗan, muna raina makaɗin, muna kuka idan an sa Shata ko Ɗan Maraya, amma ba za mu ba ɗan makaɗi 'yarmu ba. Sakamakon wannan sananne ne. Yaro mai baiwa ko dai ya binne ta, ko ya tafi birni ya sauya suna da harshe.

Za a ce yanzu lokacin gyaran rufi ne da neman iri, wa ke ta jita? Gaskiya ne ciki ne gaba. Amma kiɗan jitar Buzaye shi kansa ɗan gudun hijira ne. Ƙungiyar Tinariwen ta samo asali ne a tsakanin samarin da fari da rikici suka kora zuwa Aljeriya da Libiya, kaset ɗinsu na yawo hannu da hannu shekaru da dama kafin su karɓi kyautar Grammy a 2012. Shi kansa Mdou Moctar juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya riske shi da abokansa a Amurka, hanyar gida ta toshe, sai suka shiga sitidiyo suka naɗi abin da ya zama kundin Tears of Injustice. Wanda ya rasa gida ya fi kowa bukatar abin da zai tuna masa ko shi wane ne.

Za a kuma ce sa'a ce kawai, Bature ne ya tsince shi, ga ɗaruruwan makaɗa can a Agadas da ba wanda ya san su. Akwai gaskiya a nan, kuma ba ma yi wa kowa alkawarin Amurka. Sai dai a lura da tsarin abin: Kirkley bai ƙirƙiri Mdou Moctar ba, ya tarar da waƙar ta riga ta ƙetare iyakar ƙasa a aljihun direbobi da 'yan ci-rani. Mutanen gida ne suka fara zaɓensa. Ma'aunin nasara a wurinmu shi ne waƙar da aka yi a Dindir a ji ta a Maiwurno da Sinja da Madani da Damazin, yaran Gadarif su haddace ta. Abin da ya wuce haka ƙari ne daga Allah.

To me ke hannunmu? Abubuwa ne ƙanana da ba sa bukatar gwamnati ko wata ƙungiyar agaji. Mai yin biki ya ware sa'a guda ta kiɗan hannu kafin a kunna na'ura, ya kuma yi ciniki da makaɗa a kan lada sananne kamar yadda yake yi da mai hayar kujeru, liƙi ya zama ƙari a kai. Duk mai waya ya zauna da kakarsa ko gwaggonsa, da izininta, ya naɗi waƙoƙin da ta sani, ya rubuta sunanta da ƙauyenta da ranar, ya aika wa 'yan uwa biyu ko uku a garuruwa daban-daban, domin mun ga yadda waya ɗaya ke ɓata da tarihin gida guda. Samarin da ke da jita ko ogan su haɗu su zama ƙungiya mai ɗorewa, su zauna gaban masu kalangu da garaya su koya, su haɗa da dalluka in sun so, su saka Larabci inda ya dace, amma ƙashin bayan waƙar ya zama Hausar da ake yi a gidajenmu, da karinta na nan Sudan wanda ba a jin irinsa a Kano ko Maraɗi. Iyaye kuma, idan kuka ga yaro yana ɗaura waya a jikin katako, kafin ku karya ku tambaye shi abin da yake son faɗa.

Bukukuwa sun fara dawowa ƙauyukanmu, ko da a taƙaice ne. A bikin farko da za a yi a unguwarku bayan an kai riɗi kasuwa, ku nemi tsohon makaɗin da ya saura, ku shimfiɗa masa tabarma a tsakiyar fili, ku bar yara su zauna kusa da shi.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa ɗakinsa. Wanda ke da wata tsohuwar waƙa ta ƙauyensu a waya ko a ka, muna roƙon ya sanar da mu.