Kada mai ya tafi kasuwa duka

Ƴan uwa, jikinmu an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Cikinsu akwai ƴan murahu, masana na ce musu mitokondiriya. Su ke ƙona abinci su ba mu ƙarfi. Akwai maiƙo cikin bangonsu. In bangon ya lalace, zuciya da tsoka sai su raunana.

Akwai irin maiƙon da jiki ba ya iya yi da kansa, sai daga abinci kamar gujiya da riɗi. Don haka kuskure ne a saida man gujiya duka, a bar yaro da tsururun kunu. Daga wata 6, uwa ta riƙa zuba ƙaramin cokali ɗaya na mai cikin kununsa, ta ci gaba da ba shi nono. Maigida, kai ma ka sa ido.