Masu tara agogo, ku rubuta lamba kafin ku sayi kwado

A zangunanmu akwai wata dukiya da ba a cika saka ta cikin lissafi ba, ita ce agogon hannu. Ka shiga ɗakin dattijon da ya je Makka sau biyu ko uku, a Nima ne ko Aboabo ko Sabon Zango, da wuya ka rasa Rado guda, Seiko 5 guda biyu, da wani tsohon Orient da ya tsaya tun zamanin Rawlings amma mai shi bai yarda a taɓa masa ba. Ga kuma 'ya'yanmu da ke Jamus da Italiya da Amurka, in sun zo Sallah ko biki, tsarabar Baba ba ta wuce agogo. A haka mutum zai tara goma ko sha biyar, shi kansa bai san ya tara ba. Su kuwa samarin da kasuwa ta buɗe musu, da gangan suke yi: Tissot, Omega, TAG Heuer, wasu har Rolex, kowanne da irin kayan da ake sa shi da su.

Ra'ayina shi ne yawancinmu muna zuba kuɗin tsaro a inda bai fi amfani ba. Mu ɗaga katanga, mu ja waya a kanta, mu sayo kwado ƙato, amma in ka tambayi mai agogo goma lambar guda ɗaya daga cikinsu, sai ya tsaya yana kallonka. Alhali wannan lambar, da biro da takarda, ita ce kaɗai abin da zai rage a hannunsa ranar da katanga ta kasa.

A duba abin ta fuskar ɓarawo. Talabijin sai mutum biyu da mota. Waya tana da makulli, ana iya bin sawunta, kuma bayan shekara uku darajarta ta zube. Agogo fa? Guda biyar sun shiga aljihun wando ɗaya. Ba shi da makulli, ba ya kiran mai shi, mai kyau kuwa yakan riƙe kuɗinsa shekara da shekaru. Ɓarawo zai ɗaura shi a hannu ya wuce iyakar Aflao ko ta Paga, babu jami'in da zai tambaye shi rasit. Kaɗan ne a cikin kayan gida suke da tsada da sauƙin ɗauka da sauƙin sayarwa duk a lokaci guda kamar agogo da zinaren mata.

To, lambar. Kusan duk agogon kirki yana da lamba tasa shi kaɗai, ban da lambar samfuri wadda dubban irinsa suke tarayya a kanta. Kada a rikita su. A Seiko tana nan a marfin baya. A tsofaffin Rolex tana tsakanin ƙafafun da ke riƙe maɗauri ta wajen ƙarfe shida, sai an cire maɗaurin ake ganinta; a sababbi kuma an zana ta a zoben ciki, ƙarƙashin gilashi, nan dai wajen ƙarfe shida. In ba ka gane ba, mai gyaran agogo zai nuna maka cikin minti biyar. Ka rubuta suna, samfuri, lamba, inda ka saya da shekarar. Ka ɗauki hoton fuska da baya da maɗauri, har da inda ya karce, domin karcen nan da kake jin haushinsa shi ne shaidarka. Kwafi ɗaya a takarda wajen wani amintacce da ba a gidanka yake kwana ba, ɗaya kuma ka tura wa kanka ta imel, don in wayar ta bi agogon kada shaidar ta bi su.

Alama tana aiki, kuma ba a labarin ƙanzon kurege ba. A watan Disamban 2023 an shiga gidan ɗan fim ɗin nan Keanu Reeves a Los Angeles. Bayan kusan shekara guda 'yan sandan ƙasar Cile suka kai samame a Santiyago, suka samo agoguna, ciki har da wani Rolex Submariner da aka zana sunansa a baya tare da alamar fim ɗinsa na John Wick. Daga Amurka ta Arewa zuwa ƙarshen Amurka ta Kudu agogon ya yi tafiya, rubutun da ke bayansa ya nuna mai shi. Ba ina cewa kowa ya je ya zane agogonsa ba ne, don zanen yakan rage kuɗinsa in an zo sayarwa. Amma agogon da ka san na gado ne, ba na kasuwa ba, me zai hana?

Ga masu agogo mai tsada, akwai kundaye na duniya da ake saka lambar agogon da aka sace, manyan dillalai da masu gwanjo suna dubawa kafin su saya. Akwai The Watch Register a Landan, akwai kuma Enquirus da kamfanin Richemont, mai Cartier da IWC, ya buɗe a 2023. Waɗannan sun fi amfani in agogon ya ƙetare zuwa Turai ko Dubai. Shi kuwa Radon Alhaji ba zai je Landan ba. Zai ƙare ne a teburin wani mai gyara a Kejetia ko wajajen Circle, an kawo a canza batir ko a rage maɗauri. Saboda haka kundinmu na gida su ne masu gyaran nan. In an yi maka sata, bayan ka kai rahoto wajen 'yan sanda ka karɓi takarda, ka zagaya da lambar da hoton wajensu. Sun san juna, suna kuma gane agogon da bai dace da hannun da ya kawo shi ba.

Wani kuskure da nake gani a gidaje da yawa: agogo, kwalinsa, katin garanti da rasit, duk a durowa ɗaya. Wannan kyauta ce cikakkiya ga ɓarawo. Agogon da ya zo da kwali da takardu ya fi kuɗi a kasuwa, kuma wanda ke riƙe da su shi ne mai kaya a idon mai saye. Kai da aka yi wa sata ka zama ba ka da ko ƙyalle. A raba su. Takardu su kwana a wani wuri daban, in da hali ma a wani gida.

Sai maganar baki, wadda ta fi ta kwado wuya. Hausawa suka ce ɓera da sata, daddawa da wari. A Disamban 2022, ana tsakiyar gasar cin kofin duniya a Ƙatar, Raheem Sterling ya bar sansanin Ingila ya koma gida, bai buga wasansu da Sanagal ba, saboda an shiga gidansa a Surrey. 'Yan sanda suka ce cikin abin da aka ba da rahoton ɓacewarsa akwai kayan ado da agoguna. Duniya kaf ta san inda yake a makon nan, ta kuma san inda ba ya nan. Mu ba 'yan ƙwallo ba ne, amma ranar da Alhaji zai tashi zuwa Hajji unguwa duka ta sani, an yi rakiya, an ɗora hoto, an kuma san sai bayan wata guda zai dawo. Wannan ba abin da za a ɓoye ba ne, ba kuma na so a ɓoye. Abin da nake cewa shi ne kafin a tafi, agoguna su riga mai gida barin ɗakin.

Na san abin da samari za su ce: to me amfanin agogo in ba a gan shi ba? Gaskiya ne, ado don a gani ake yin sa. Ka ɗaura ɗaya ka je Juma'a, ka je ɗaurin aure, Allah ya sa a yaba. Abin da ban gane ba shi ne ka jera su goma a kan gado, ka ɗauki bidiyo ka sa a TikTok ko a WhatsApp, ga labule, ga taga, ga durowar da suka fito duk a fili. Wanda ya ga agogo a hannunka ya san kana da ɗaya. Wanda ya ga bidiyon ya san adadinsu, ya san ɗakin, ya san wace taga ce ba ta da ƙarfe.

Da ɗan gari kan ci gari, wannan ma gaskiya ne, kuma mu a Gana ba ma bukatar a je nesa neman misali. A Yulin 2023 ƙasar nan ta ɗauka da labarin gidan Cecilia Dapaah, ministar tsafta da albarkatun ruwa a lokacin, inda aka gurfanar da masu aikin gida biyu bisa zargin kwashe dala miliyan ɗaya da yuro dubu 300 da wasu kuɗin da kayan ado. Ministar ta ajiye aiki a watan. Kowa ya tsaya kan tambayar me irin wannan kuɗi ke yi a gida, kuma tambaya ce mai kyau. Ni abin da ya tsaya min shi ne tuhumar ta ce ɗibar ta ɗauki watanni, daga Yuli zuwa Oktoban 2022. Wanda bai ƙirga kayansa ba, ba ya sanin ranar da suka fara raguwa.

Amma a nan dole in ja mana kunne, don wannan ne wurin da muke zalunci. Agogo ya ɓace a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, kafin a gama laluben ƙarƙashin katifa an riga an yanke hukunci: yarinyar da aka kawo daga arewa tana aiki, ko yaron da ake aike. A tsare, a daka, wani lokaci a tafi wajen mai duba ya nuna wanda ba shi da gata. Bayan wata biyu agogon ya fito a aljihun babbar rigar da aka sa ranar Idi, ko a gano ɗan gidan ne ya kai shi jingina. Agogo ya dawo, mutuncin yarinyar bai dawo ba. Malamanmu na fiƙihu, da suka zo maganar haddin sata, sun sa sharaɗin cewa an ɗauki abin ne daga hirzi, wato ma'ajin da ya dace da irinsa. Ke nan mai kaya ma akwai abin da ke kansa. Ka bar agogon da ya fi albashin yarinya na shekara biyu a kan tebur, makulli a jikin durowa, sannan ka ce kowa ɓarawo ne? Ma'aji mai kyau da lissafi mai kyau suna kare mutanen gidanka daga zarginka, kamar yadda suke kare kayanka daga hannunsu.

Game da sef, wato akwatin ƙarfen nan, magana kaɗan ce. Ƙaramin da mutum ɗaya zai rungume ya fita da shi ba tsaro ba ne, ka dai tara wa ɓarawo kaya wuri guda ka ɗaure masa. A kafe shi da noti a cikin kankaren ƙasa ko bango, kada ya zama a ɗakin barcin mai gida inda kowane ɓarawo ke farawa, kuma wanda zai kafe shi ya zama mutum ɗaya da ka sani, ba tawagar leburori ba. Lambar buɗewa kada ta zama shekarar haihuwarka. Danshin Akara da Takoradi yana cin fata yana kawo tsatsa, don haka a jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Agogo mai batir da za a daɗe ba a sa ba, a cire batirin kada ya zube a ciki. Masu ɓoye agogo a bayan lasifika kuma su daina, maganaɗisun da ke ciki yana rikita tafiyar agogo mai inji. Kyamara tana da kyau, amma a ƙasar da muka san dumsor, kyamarar da ba ta da batirin ko-ta-kwana ado ce. In kana da inshora, ka tambaya a rubuce ko ta ƙunshi agogo da kuma iyakar abin da za su biya a kan guda ɗaya.

Kada kuma ƙarfin sef ya ruɗi kowa. A Nuwamban 2021 'yan fashi suka shiga gidan Mark Cavendish, zakaran tseren keke na Birtaniya, a Essex, da dare, yana ciki da matarsa da 'ya'yansa. Suka sa masa wuƙa, suka tafi da agogon Richard Mille guda biyu da aka ƙiyasta a fam dubu 700. Daga baya kotu ta ɗaure wasu daga cikinsu. In an zo da makami, a buɗe a ba su. Shi ya sa nake ganin hikima ce a bar biyu ko uku na yau da kullum a inda hannu zai kai da sauri, masu tsadar kuma su kasance ba duka a gida ba, ko a ma'ajiyar banki ga wanda bankinsa ke da ita.

Takardar lissafin nan tana da wani amfani da ba ma son ambatawa. Ranar da mai gida ya rasu, gida cike da 'yan gaisuwa, ɗaki a buɗe, kafin sadakar uku wani abu ya yi ƙafa. Ranar rabon gado sai a ji wannan ya ce Baba ya ba ni tun yana raye, wancan ya ce ai guda tara ne ba bakwai ba. 'Yan uwa sun daina gaisawa a kan abin da bai kai wannan ba. Wanda ya rubuta abin da ya mallaka, ya kuma rubuta abin da ya bayar kyauta da wanda ya ba, ya sauƙaƙa wa magada da malamin da zai raba.

Saura mu masu saye. Yaro ya tare ka a bakin masallaci ko a tasha, ya buɗe hannu, ga Omega, babu kwali babu takarda, kuɗin da ya faɗa bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. In jabu ne an cuce ka, in na gaske ne kuwa ka san daga inda ya fito, kada mu yaudari kanmu. Dokar laifuffuka ta Gana ta 1960, doka mai lamba 29, ta sa karɓar kayan da ka san na sata ne cikin laifuka, kuma "ai saya na yi" ba ya fid da mutum in alamu sun nuna ya sani. Ka tambayi mai sayarwa katin shaidarsa, ka ce za ka ɗauki hoton lambar agogon ku je wajen mai gyara tare ya duba. Mai kayan halal zai bi ka. Ɗayan kuwa kafin ka gama ciro waya ya tuna ana jiransa a wani wuri.