Tsohon Buhu Ya Iya Tura Jirgi

Manoman Runjin Sambo masu gona a fadamar Rima sun san wahalar tura jirgi da gora in kogi ya kawo. A 2010 ma, da ambaliya ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, sai da jirgi ake hayewa.

To, a kogin Kwara, wajen Mopti ta ƙasar Mali, masu jirgi sukan farke tsofaffin buhuna, su ɗinke su wuri guda, su rataya a itace, iska ta yi musu aikin. Ya kamata Sakkwatawa su gwada. Buhun taki dai ga shi zube ko'ina. Da damina kuwa iska daga kudu maso yamma take busowa, watau tana bayan mai tunkarar ruwa zuwa wajen Wurno.

Amma fa kada a kwaikwayi girman nasu. Jirgin Rima siriri ne. In ƙyallen ya yi yawa sai kifewa, shinkafa ta tafi, wataƙila har da rai. A rage shi, a gajarta itacen, igiyar kuwa a riƙe ta a hannu, kada a ɗaure. Da hadari ya taso gabas, a sauke nan da nan.