Tsaron Yauri: Lissafin da zai ruɗa masu kai wa 'yan bindiga rahoto

A ranar 17 ga Yunin 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri da rana tsaka, kuma sai a 2023 'yan matan ƙarshe suka dawo gida. Tun daga lokacin kukan jama'a ɗaya ne: a ƙaro sojoji. Sai dai ko an ƙaro, ba za su tsare kowane ƙauye na Yauri da Ngaski da Shanga ba, balle mashigan Tafkin Kainji da tsibiransa.

A ce kwamanda yana da ayari 10, ƙauyuka kuma 100. Hanyoyin da zai iya raba su sun haura tiriliyan 17. Ba kan da zai tantance wannan, shi ya sa manyan rundunonin duniya ke miƙa aikin ga kwamfutoci masu ƙarfi. George Dantzig ne ya buɗe wannan fage a 1947, yana yi wa rundunar saman Amurka lissafin tsare-tsare.

Abin da ya fi dacewa da Yauri ya zo ne daga baya. A 2007 filin jirgin saman Los Angeles ya fara amfani da manhajar ARMOR, wadda ke ɗauka cewa maƙiyi yana kallonka kafin ya kai hari. Don haka take rikita jadawalin sintiri: wuri mai muhimmanci ya fi samun ziyara, amma ba wanda zai iya cewa yaushe. An gwada irinta kan mafarautan sata a gandun dajin Uganda.

Wannan shi ne ciwonmu. Infoma ya san ranar da motar sojoji ke wucewa, ya san ranar kasuwa. Jiragen Super Tucano suna nan a sansanin Kainji, can kudancin tafkin, amma jirgi bai san wace hanyar daji babura za su bi ba.

A ganina, ba babbar kwamfuta ce ta fi yi mana wuya ba. Lissafi bayanai yake ci: ina aka kai hari, ƙarfe nawa, wace hanya ce damina ke yankewa, wane mashigi kwalekwale ke bi da dare. Yawancin wannan yana bakin masunta da 'yan sa-kai da dagatai, kuma ba za su faɗa ba sai sun tabbata sunansu ba zai kai daji ba.